Kaset ɗin Yaya Illa

Rana ta farko: Tawa, kafin asuba

Ƙarfe huɗu da rabi na ja ƙofar gidana a Tawa, ko kiran sallar farko ba a yi ba. Kaya uku ne gare ni: kwali mai bidiyo a ciki, na naɗe shi da zanen gado biyu, ƙaramar tele cikin buhun shinkafa, sai jakata, wadda a ƙasanta akwai kaset ɗaya tak, ƙunshe cikin ɗankwalin marigayiya Inna. Maigidana ya kai ni tasha a kan babur, kwalin a cinyata, yana ta ce mini in na ga abin ba zai yiwu ba in juyo, ba wanda zai ce na kasa. Na riga na gaji tun kafin in fito, ba ni da ƙarfin gardama.

An ce mota biyar za ta tashi. Bakwai saura kwata ta tashi. Tunda na samu wannan zaman banza, bari in gaya muku abin da ya fito da malamar lakwal, wato makarantar boko, da tsohuwar bidiyo a tsakiyar bazara.

Yaya Illa shi ne babba a gidanmu. Ya tafi biɗa, wato ci-rani, kamar sauran samarin Adar, Abijan da fari, daga can Allah ya kai shi Amurka yana tuƙin taksi. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da ya aiko wa Baba kaset na bidiyo, lokacin ina 'yar shekara goma sha biyu. Baba shi ne limamin ƙauyenmu, can gaba da Takanamat. Aka aro bidiyo da tele da gurup, injin wuta ke nan, a wurin wani ɗan kasuwa da ya sayo su a Najeriya. Gari duka ya taru a ƙofar gidanmu bayan la'asar. Da aka saka kaset, hoto ya fito baƙi da fari yana ta birgima, da ƙyar ake gane mutum. Murya kuwa ta fito a jaye, mai kauri, irin ta wanda harshensa ya yi masa nauyi. A haka ya gaida Baba, a haka kuma ya ja surar da Baba ya koya masa. Sai wani tsohon ɗan biɗa daga bayan taro ya ce, "Wanga ai ya sha!" Aka bushe da dariya.

Baba ya miƙe ya ce a ƙone kaset ɗin. Daga ranar bai ƙara karɓar wasiƙar Yaya ba, bai ƙara karɓar aikensa ba, da waya ta zo garinmu ma bai taɓa yarda an kara masa a kunne ba. Yaya ya yi ta rantsuwa ta bakin Inna cewa bai taɓa ɗanɗana giya ba. Baba ya ce shi da kunnensa ya ji maye da karatun Allah a baki ɗaya. Shekara shida da suka wuce Yaya ya rasu a can. Baba bai zauna karɓar gaisuwa ba, ba wanda kuma ya ji ya yi masa addu'a.

Bara Inna ta bi shi. Muna rabon kayanta na tarar da kaset ɗin a ƙasan babbar kwallarta, ashe ba ta ƙone ba. Na kai wa Mushe Dauda (Mushe muke ce wa malamin boko), tsohon malaminmu na kwaleji, Kirista ne mutumin wajen Maraɗi, tun da ya yi ritaya yake gyaran rediyo da tele a zaurensa. Ni dai hoton Yaya kawai nake so ya ciro mini. Ya juya kaset ɗin, ya ɗaga tabarau.

"Ɗiyata, kin ga T ɗin ga da anka rubuta a gefe? Namu na nan E ake rubutawa. Wanga na Amurka na. Cikin wace bidiyo kunka saka shi?"

Na ce ta Najeriya.

Ya daɗe yana girgiza kai. "Tele ma yare gare ta. Namu na Nijar SECAM, irin na Faransa. Na Najeriya PAL. Na Amurka NTSC. In kin sa namu cikin ta Najeriya, launi kaɗai ka ɓacewa, murya lahiya lau. Amma na Amurka gudu nai ma daban na. Bidiyon ta riƙa jan shi sannu-sannu, ko wa ag ga ciki sai ki ji awa ya sha. Ko liman na."

Yana da wata tsohuwar bidiyo mai jin duka ukun, da ɗan maɓalli a gaba da ake turawa. Ya saka, ya tura. Abin da na ji ya sa na zauna a ƙasan zaurensa ina kuka kamar ba matar aure ba. Na ɗauka a wayata, amma na san Baba: zai ce abin waya komai ana haɗawa. Sai ya ga kaset ɗin nan da ya sani ya shiga da idonsa. Ga shi tun sanyin bana yake kwance, ƙanena Sani ya kira ni sau biyu yana cewa in ina da maganar da zan yi da tsoho in hanzarta. Mushe Dauda ya ara mini bidiyon da gargaɗi uku: kar rana ta doke ta, kar ta sha jijjiga, kar kuma in yi ta maimaita kaset ɗin, ya tsufa, zai iya tsinkewa. Wanda ya san hanyar Takanamat ya san biyun farko addu'a ce kawai.

Tawa zuwa Afala

Motar kasuwa ce mai buɗaɗɗen baya. Direba ya kai hannu zai jefa kwalina sama, wurin buhunan gero da awaki uku.

"A'a, Malam, wanga kusa da ni shika zama."

"Madam, mi na ciki? Ƙwai?"

"Ya hi ƙwai."

"To ƙwanki shi biya kuɗin mazauni."

Na biya masa kujera kamar mutum. Muka zauna a gaba, ni da kwali da wata Buzuwa mai sayar da cuku, wadda ta dubi kwalin ta dube ni.

Bakwai da minti goma muka tsaya a shingen jandarmomi na bayan gari. Kowa ya fito da katinsa. Wani matashi cikinsu ya ce in buɗe kwalin. Na kwance zanen gado ɗaya, na kwance na biyu, ya tsaya yana kallon abin, ya sa yatsa a bakin da kaset ke shiga ya ciro da sauri. Bai taɓa ganin irinta ba. Ya kira babbansu, mai furfura a gemu, wanda yana gani ya fashe da dariya.

"Kai, bar ta! Wagga ta girme ka. Madam, har yanzu akwai mai kallon wagga?"

"Mutum guda," na ce.

Daga nan jar hanya ce mai kunya-kunya, irin wadda ke kaɗa haƙoran mutum. Na ɗauke kwalin daga kujerar da na biya masa na rungume shi a ƙirji, duk ramin da muka faɗa ni ke shanye shi a gadon baya. Tafiyar da ba ta kai kilomita talatin ba ta ci mana sa'a ɗaya da rabi. Tara saura kwata muka shiga Afala da tayar baya a kwance.

Sa'a biyu muka yi a nan ana faci. Na sayi kwaɗon zogale a wurin wata mata a gindin bishiyar bedi, na ci rabi. Inuwar ta yi ta gudu, ni kuma ina ta jan kwali ina bin ta, har masu shayi suka fara yi mini dariya.

Afala zuwa Takanamat

Sha ɗaya saura muka tashi. Rana ta dawo ta gefen tagarmu, tagar kuma ba gilashi. Na rasa yadda zan yi. Sai Buzuwar nan ta warware gefen baƙin mayafinta ta rufa wa kwalin, ta riƙe bakin da hannu. A haka ta riƙe shi har muka isa, hannunta a rana.

"Na maras lahiya na?" ta tambaye ni da Hausarta mai ɗan karkacewa.

Na yi tunani na ce e. Ban yi ƙarya ba.

Sau biyu muka kafe a rairayi, maza suka sauka suka tura. Sau ɗaya aka sake duba katinmu. Ɗaya da rabi muka isa Takanamat, ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar an daka. Daga nan zuwa ƙauyenmu kilomita goma sha biyu ne, ba mota, masu babur kuma sun ce yanzu ba su bin wannan gefen. Sai amalanken jaki, shi ma sai da safe. Na sauka a gidan Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba.

Ta dama mini fura, ta bari na sha, na yi sallah, sannan ta tambayi kwalin. Na kwashe labari duka na gaya mata. Na zaci za ta yi murna. Ta daɗe tana murza carbi.

"Hadiza, ke yarinya ta. Yanzu in gaskiya kika hwaɗi, mi kika so tsohon ga shi yi? Yaron ya riga ya tahi. Shekara ashirin shina ganin shi ad da gaskiya, da ita shika barci. Ki zaka ki amshe mai ita shina bakin kabari? Wa zai ba haƙuri?"

"Gwaggo, Yaya fa? Haka za a bar shi da sunan mashayi?"

"Shi Allah ya san shi. Mai rai nika jiye ma."

Har yau ban tabbata ina da amsar wannan magana ba. Na dai san na riga na yi nisa, kuma na ji muryar Yaya da kunnena, ba zan iya mayar da ita cikin kwalla ba.

Rana ta biyu: gida

Shida daidai muka tashi. Jakin ba ya sauri, mai shi kuma ba ya matsa masa, suna da fahimtar juna. Na zauna a kan buhun dusa da kwali a cinya. Gonaki fayau, ba komai sai kututturen gero da tumfafiya. Tara da kwata na hango hasumiyar masallacinmu.

Na tarar da Baba a ɗakinsa kan tabarma, ya rame har na ji tsoron kama hannunsa. Ido ya yi rauni, amma kunne yana nan garau, tun daga tsakar gida ya gane takuna. Muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya. Ban ce masa komai ba tukuna, don matsalar wuta ta tare ni. Batirin Sani na hasken rana ya ɗauki tele, ya ƙi ɗaukar bidiyo. Aka aro gurup wurin mai injin niƙa, ba mai a ciki. Aka aika garin gaba neman lita ɗaya. Sai bayan la'asar muka haɗa komai a ɗakin Baba, waya ta bi ta taga.

"Mi kuka ta jaye-jaye?" ya tambaya.

Na kwance ɗankwalin Inna na sa masa kaset ɗin a hannu. Ya shafa shi, ya kai kusa da ido. A gefe akwai rubutun ajami na Yaya, sunan Baba.

"Wanda nac ce a ƙone?"

"Shi na, Baba. Inna ba ta ƙone ba."

"Ta saɓa min ke nan, ta tahi ba ta hwaɗa min ba." Ya ajiye kaset ɗin ya juya fuska bango. "Hitar min da shi."

A rayuwata ban taɓa ƙin bin maganar Baba a gabansa ba sai ranar. Na ɗauki kaset ɗin na tura cikin bidiyo. Da gangan na bar maɓallin a kan PAL. Muryar nan ta cika ɗakin, a jaye, mai nauyi, daidai yadda muka ji ta a ƙofar gida.

"Kashe!" Baba ya daka tsawa, ban san yana da sauran wannan ƙarfin ba. "Na jiya sau guda, ya ishe ni har in mutu!"

Na durƙusa na jawo bidiyon gaban tabarmarsa. "Baba, don girman Allah, ba ni yatsanka. Abu guda za ka tura. In bai canza ba ni da kaina nika ƙone shi yanzu, gabanka."

Ban san abin da ya sa ya yarda ba. Wataƙila gajiya ce, shi ma. Na ɗora yatsansa a kan ɗan maɓallin, ya tura.

Hoto ya yi tsalle sau biyu ya tsaya cak. Launi ya zo. Ga Yaya Illa zaune a kan darduma, cikin shuɗiyar riga da farar hula, saurayi, ya tanƙwashe ƙafa kamar yadda ake zama gaban malami. Muryarsa siririya, mai sauri, irin ta gidanmu. "Baba, ina gaisuwa. Ina nan riƙe da abin da ka ba ni, ban yada ba. Ga shi ka ji." Ya yi bisimilla ya ja sura, tiryan-tiryan, ko gargada babu.

Baba ya tashi zaune ba tare da an kama shi ba. Leɓɓansa suka fara bin karatun. Can ya miƙa hannu ya lalubi maɓallin ya mayar baya, mashayin ya dawo. Ya tura gaba, ɗansa ya dawo. Ya sake mayarwa, ya sake turawa. Ina jin gargaɗin Mushe Dauda a kaina, amma ban hana shi ba. Na dai yi masa bayani a gajarce, cewa kowace ƙasa da irin na'urarta, ta Najeriya ba ta jin kaset ɗin Amurka. Ban san ko ya saurare ni ba.

Da surar ta ƙare, Yaya ya shafa, ya yi murmushi, ya ce a gaida Inna da su Hadiza. Sai yayyafin tele.

"Iliyasu," in ji Baba.

Sani ya dube ni, na dube shi. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Tunda aka haife mu "yaron nan" muke ji, daga baya ma "yaron nan" ɗin ya ɓace. Ranar muka fara jin sunan a bakinsa.

"Ƙarhe na," ya ce a hankali. "Ƙarhe yay yi maye, ni kau nib bi ƙarhe nib bar ɗana." Ya daɗe yana kallon tele da ba komai a cikinta. "Shi na yahe mishi abin da bai yi ba. Ni wa za ya yahe min?"

Gurup na ta ƙara a waje.

Sai ya ce wa Sani ya fitar da kayan ƙofar gida, ya kira duk wanda ya san yana wurin a waccan ranar. Gaban mutane aka yi, gaban mutane za a gyara. Sani ya fara lissafa sunaye, fiye da rabi sun rasu, har da mai cewa ya sha. Waɗanda suka rage suka zo, wasu da sanda. Aka ɗauko Baba aka jingina shi da bango. Shi da kansa ya tura musu maɓallin, baya da gaba. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Kaset ɗin ya kai ƙarshe lafiya, man gurup ya ƙare ana kiran magariba.

Kafin a tashi Baba ya ɗaga hannu. "A shimhiɗa tabarmi gobe da sahe. Ina amsar gaisuwa. Ɗana ya rasu."

Rana ta uku da ta huɗu: komawa

Yini guda aka yi ana zuwa, har daga garuruwan kewaye. Gwaggo Hajo ta iso a amalanke da hantsi, ta yi wa wanta gaisuwa, ta zo ta zauna kusa da ni. Ta nuna mini kwanon furarsa da ido, tun jiya bai taɓa ba. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ko sauƙi na kai wa Baba ko nauyi, Allah kaɗai ya sani.

Washegari da asuba na shiga sallama. Ya ce in mayar wa mai bidiyo kayansa da godiya, amma kaset ɗin a nan zai zauna. Ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Hadiza, waɗanda nig gaya ma ɗana mashayi na suna da yawa, ba ni iya bin su. Ke mai tahiya ta. Duk wanda kinka ishe bisa hanya, ki hwaɗa mai."

Amalanke ya kai ni Takanamat tara da rabi. Mota ta tashi sha biyu, ta lalace a bayan Afala, muka yi sa'a biyu a gindin wata aduwa mai inuwa kamar ta tsintsiya. Shida da minti ashirin na sauka a Tawa, na wuce kai tsaye zauren Mushe Dauda na sauke masa kwalinsa. Ya dubi fuskata, ya jawo mini kujera.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Mushe Dauda, da Sani, da Gwaggo da ta gaya mini gaskiyarta, da baiwar Allah mai cuku da ban ko tambayi sunanta ba. Saƙon Baba kuwa na fara isarwa tun a hanya. Na gaya wa mai amalanke, na gaya wa direba, na gaya wa matan da muka zauna da su a gindin aduwa, waɗanda ba su taɓa jin sunan Yaya ba, suka ce Allah ya ji ƙansa. Yanzu ku ma na gaya muku. Iliyasu bai sha ba.